Ina Kuɗin Gini Zai Kwana?

Mu biyu ne mu ke rubuta wannan, maigida da uwargida, ko da shi ke hannu ɗaya ne ya riƙe alƙalami. Maigida malamin makaranta ne. Aiki ya kai mu Anka, ya kai mu Bukkuyum, ga mu yanzu a Gummi. Uwargida tana ɗinki, tana kuma tuyar ƙuli-ƙuli. Shekara da shekaru muna zaman haya, muna tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin mu gina ɗaki uku da zaure a fegin da muka saya. Mun sani da yawa cikinku, ya masu karatu, wannan buri ke gare ku. Shi ya sa mu ke so mu yi taɗi da ku a kan ajiyar wata-wata, watau inda mutum zai riƙa zuba ɗan abin da ya rage masa, har ya zama bango da rufi.

Wani ɗanmu da ke karatu a Sakkwato ne ya ba mu labarin yadda Turawan Ingila suka fara irin wannan ajiya. A shekara ta 1775, a birnin Birmingham, wani mai masauki, sunansa Richard Ketley, ya tara mutane suka kafa ƙungiya. Kowane wata kowa ya kawo zubinsa. In kuɗin ya isa gina gida ɗaya, sai a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa a kansa a gina masa. Haka za a yi ta yi har kowa ya sami gida, sa'an nan ƙungiya ta watse. Da uwargida ta ji, sai ta yi dariya ta ce, “Ashe Bature ma adashi ya ke yi!” Gaskiya kuwa ta faɗa. Bambanci ɗaya ne, nasu adashin an sa masa suna tun daga farko. Kuɗin gida ne, ba na biki ba, ba na suna ba.

Daga baya waɗannan ƙungiyoyi suka daina watsewa, suka zama kamar bankuna, amma masu ajiya su ne masu ƙungiyar. Har wa yau suna nan a Ingila, suna kuma da wata irin ajiya ta wata-wata. A kan yanka wa mutum iyakar abin da zai zuba kowane wata, a ba shi ruwa mai ɗan kauri, a kan sharaɗin ba zai riƙa taɓa kuɗin ba sai shekara ta zagayo. A ƙasarmu ma an kafa irinta a Ikko a 1956, a ke ce da ita Nigerian Building Society. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta mai da ita bankin ba da rancen gina gidaje, wanda a ke kira FMBN. Amma mu dai, duk zamanmu a garuruwan nan uku, ba mu taɓa ganin ƙofar irin wannan ƙungiya ba. Saboda haka abin da ke gabanmu shi za mu gwada da juna: asusu, da adashi, da banki, da waya, da akuya, da rumbu.

Asusu ba ya bukatar doguwar magana. Mu kan saya wa yara na yumɓu domin hannunsu ya saba da sakin kuɗi cikin rami. Amma babba ba ya binne kuɗin gini a ɗaki. Ban da gara da gobara da ɓarawo, ita kanta takardar kuɗin ba ta da tabbas. Iyayenmu sun ga ranar 1 ga Janairu 1973, sa'ad da fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Sun ga 1984, sa'ad da aka sake launin kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki, waɗansu tsofaffi na ƙauye kuwa ba su ji ba sai da ƙofa ta rufe. Mu ma mun ga namu a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Za mu komo kan wannan.

Adashi shi ne uwar ajiyarmu, a nan za mu daɗe. Uwargida tana cikin na zumuntar mata, maigida yana cikin na malamai. Adashi ba ya ba da ruwa ko na kwabo. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, wani lokaci ma da ɗan ragi, gama a kan ba uwar adashi tukuicin wahalarta. To, me ya sa ba mu bar shi ba? Domin yana da abin da banki ba shi da shi, watau kunya. In ranar zubi ta zo, ba ka iya cewa wata mai zuwa. Mutum tara suna jiranka, za ku haɗu a kasuwa, za ku haɗu ran Lahadi. Banki bai taɓa aiko yarinya ƙofar gidanmu ta ce, “Wai in ji Mama, a ba da zubi,” ba. Mun lura, cikin dukan kuɗin da ya zama bulo a fegin nan namu, mafi yawa ta hanyar wannan yarinya ya bi.

Amma akwai lissafi a cikin adashi wanda mutane ba su cika yi ba. A ce ku goma ne, kowa yana zuba naira 20,000 a wata, kwasa ɗaya 200,000 ke nan. Wanda ya yi kwasar fari, ya zuba 20,000 ya ɗauki 200,000. Rance aka ba shi na 180,000 ba ruwa, zai biya a hankali cikin wata tara. Wanda ya yi ta ƙarshe kuwa, shi ne ya ba kowa rance. A zamanin da kaya ba su motsi, wannan ba kome ba ne. Amma ku tuna da yadda abu ya zama bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023. A farkon shekarar nan buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a yawancin wurare. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ya haura 10,000. Mai kwasar fari da mai kwasar ƙarshe kuɗi ɗaya suka karɓa a hannu, amma ba buhu ɗaya suka ɗauko daga shago ba.

Saboda haka a namu adashin aka yi shawara biyu. Ta fari, kada zagaye ya wuce wata goma, gwamma ma shida. Ta biyu, wanda ya yi fari bana shi zai yi ƙarshe baɗi. Waɗansu sun fi son ƙuri'a, irin ta mutanen Ketley. Mu ba mu ƙi ba, amma muna ganin juyawa ta fi adalci, gama ƙuri'a ba ta da ido, tana iya faɗa wa mutum ɗaya sau uku. In kuwa wani yana da larura ta gaske, haihuwa ko asibiti, a kan yi musanya da yardar mai layi, a rubuta.

Sai maganar amana. Dā adashi yana tsayawa ne a kan cewa kowa ya san gidan kowa, ba wanda zai tashi. Yanzu a ƙasarmu mutane suna tashi ba da sonsu ba. Ƙauye guda ya kan watse cikin dare ɗaya saboda 'yan bindiga, waɗansu su nufi Anka, waɗansu Gummi, waɗansu su bi ta Daki Takwas su gangara Zuru. Mun san wani adashi da ya karye haka. Mutum uku da suka riga suka kwasa suka rasa gida da gona, ba su da abin zubi, ba kuwa mugunta ba ce. Waɗanda ba su kwasa ba tukuna suka dubi juna. Wa za ka kai ƙara? Mutumin da ke kwana a ajin makaranta da 'ya'yansa? An yafe wani, an jira wani shekara biyu. Tun daga nan ba mu sa dukan ƙarfinmu cikin adashi ɗaya. Ƙananan guda biyu da mutane dabam-dabam sun fi mana babba guda.

Akwai kuma mai zagaye da kati, wanda ya kan bi rumfuna kullum yana karɓar ɗari biyu ko ɗari biyar, a ƙarshen wata ya mayar maka, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Ga mai sayar da ƙosai wanda kuɗi ke narkewa a hannunsa, yana da amfani. Amma ku lura, kai ne ke biya domin a riƙe maka kuɗinka, kashi ɗaya cikin talatin kowane wata. Na cefane ne da jari, ba na gini ba.

Yanzu banki. Mutane da yawa in sun ji an ce “ruwa kashi takwas cikin ɗari”, sai su yi lissafin da ba shi ke nan ba. Bari mu yi shi tare. Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cewa ruwan ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da shi kansa ya ke yankewa. A 2020 an rage wannan zuwa kashi 10, a Agusta 2022 aka mayar da shi 30. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana kan 27.5, watau ruwan ajiya ya kama kashi takwas da 'yan kai a shekara. To, a ce kana zuba 10,000 kowane wata, shekara guda ka tara 120,000. Za ka ce ruwanka kashi takwas na 120,000 ne, watau 9,600. A'a. Zubin Janairu ne kaɗai ya yi wata goma sha biyu a ciki. Na Yuli wata shida ya yi, na Disamba wata ɗaya tak. In ka haɗa duka, abin da za ka samu wajen 5,200 ne. Ba zamba aka yi maka ba, haka ajiyar wata-wata ta ke ko a Ingila. Amma ya kamata mutum ya sani tun da wuri, kada ya je yana yi wa ma'aikacin banki faɗa a banza.

Cikin 5,200 ɗin nan ma akwai masu ci. Akwai kuɗin saƙon waya da a ke turo maka duk sa'ad da kuɗi ya shiga ko ya fita, akwai kuɗin kati, akwai naira 50 ta gwamnati in kuɗin da aka tura ya kai 10,000. Akwai kuma wata ƙa'ida da muka tarar, wadda ba kowa a ke gaya wa ba: in ka ciri kuɗi fiye da sau huɗu cikin wata, ruwan wannan wata ya tafi. Shi ya sa bai kamata albashi da kuɗin gini su kwana a asusun banki ɗaya ba. Wanda albashi ke shiga, kullum hannu na ciki. Na gini kuwa mun ƙi karɓar masa kati da gangan. In muna son kuɗin sai an shiga mota an cika takarda, wannan wahalar ita ce makullinsa.

Sa'ad da za ka buɗe irin wannan ajiya, kada ka ji nauyin tambaya. Nawa ne ruwan a shekara? Wata-wata a ke zuba shi ko sai ƙarshe? In na fasa zubi wata ɗaya, me zai faru? In larura ta sa na fasa ajiyar kafin lokaci, ruwan kaɗai zan rasa ko har da uwar kuɗi za a taɓa? Bankuna da yawa suna da ajiya ta musamman wadda a ke ɗaure ta wata shida ko shekara, ruwanta ya fi na kullum, amma sharuɗansu ba ɗaya ba ne. Sa a rubuta maka amsa a takarda. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba su son ruwa sam, su kan nemi irin bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, inda a ke raba riba maimakon ruwa. Ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowa, tambayoyin kuwa kusan ɗaya ne.

Amma babban mai cin kuɗin banki ba ya aiko da saƙo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a kan ta bara. Watau wanda ya ajiye 100,000 a farkon shekarar ya ga 108,000 a ƙarshenta ya yi murna, alhali kayan da 100,000 ke saye dā sun koma wajen 135,000. Lambar ta hau, kuɗin ya rame. A 2025 gudun tsadar ya ragu, amma kwanon rufi bai koma farashinsa na dā ba.

To, me ya sa mu ke ajiya a banki har yanzu? Domin 'yan bindiga ba su kora shi cikin daji, ruwa kuma ba ya cinye shi. Ko bankin ya faɗi akwai madogara. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ke biyan masu ajiya in an rufe banki. A 2024 ta ɗaga iyakar abin da ta ke lamuncewa: naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki na kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki na masu ƙaramin ƙarfi, miliyan 2 kuma a bankin rancen gidaje. Kada ku ce banki ba ya faɗuwa. A Janairu 1998 an rufe 26 rana ɗaya. A Mayu 2023 an soke lasin ƙananan bankuna 179 da na rancen gidaje 4. A Yuni 2024 aka rufe bankin Heritage, waɗanda kuwa suka fara samun kuɗinsu su ne masu wani asusu a wani banki da ke ɗaure da lambarsu ta BVN, gama ta nan aka tura musu. Wannan ya isa dalilin da zai sa gida ya kasance da banki biyu, sunan mutum kuma ya zama iri ɗaya a dukan takardunsa. In Yohanna ne a nan, kada ya zama John a can.

Duk wanda ya zo maka da ajiyar da ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, yana cewa kuɗinka zai ninka cikin wata guda, ka ba shi ruwa ya sha ya yi gaba, ko da ɗan'uwa ne a ikilisiya, ko da ya buɗe da addu'a. MMM ta tafi da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta tafi da na waɗansu a Afrilu 2025, gobe wata za ta zo da sabon suna. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ajiyar waya ta zo mana da sauƙi, ba mu musu. Mai POS yana bakin kasuwa, ba sai an bi hanyar Mayanci zuwa Gusau da kuɗi cikin aljihu da rai a hannu ba. Irin su OPay da Moniepoint suna da wurin da mutum zai kulle kuɗi har ranar da ya sa. Amma mu mutanen Zamfara mun ga abin da sauran ƙasa ba su gani ba. A farkon Satumba 2021 aka yanke layukan waya a jihar duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, mu na wajen Gusau muka yi makonni da yawa a haka. Kuɗinka yana nan, amma kamar yana cikin rijiya ba guga. A farkon 2023 kuma sai abin ya juya. Layi yana nan, takardar kuɗi ce babu, saboda canjin naira 200 da 500 da 1,000. Mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa a wurin mai POS. Jiharmu tana cikin uku na fari, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a kan wannan, kotu kuwa ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Cikin shekara biyu an koya mana abu biyu masu gāba da juna: kada ka dogara ga waya kaɗai, kada kuma ka dogara ga takarda kaɗai. Abin da mu ke yi shi ne, kuɗin cefanen mako biyu da na asibiti yana gida, saura yana waje.

Da kakanninmu za su ji duk wannan, da sun ce wahalar banza mu ke yi. Bankinsu yana da ƙafa huɗu. Ka sayi tunkiya, ta haihu, ka sayar da 'ya'yan ka sayi maraƙi, ka turke shi, ka sayar gab da Salla ko Kirsimati. Ba bankin da ya taɓa ba da ruwa irin na akuya mai haihuwar tagwaye, tsadar kaya kuma ba ta cin ta, gama ita ma tana hawa tare da kayan. Wannan ita ce ajiyar da ta fi dacewa da ƙasarmu, ita ce kuma aka ƙwace mana. Yau shanu a ƙauye kiran ɓarayi ne. Mutum ya tara shekara goma, a kore cikin sa'a guda, in an bar shi da ransa ya gode. Ko a 2021 ɗin nan, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta hana fita da dabbobi, mai rago ya rasa inda zai sayar. Muna da awaki huɗu a bayan ɗaki a cikin gari, iyakarmu ke nan. Su ne kuɗin makarantar yara na zangon fari.

Hatsi ma haka. A saya da kaka, a sayar da bazara, tsohuwar dabara ce, ta kuwa yi wa mutane rana a 2023 da 2024. Sai ga 2025, farashin masara da gero ya faɗo, waɗanda suka cika ɗaki da buhuna da tsada suka sayar da hasara. Mu kan sayi na ci, na shekara, domin wannan ba ya hasara, ciki ne zai ci. Na riba kuwa mun bar wa 'yan kasuwa.

Ga inda muka tsaya bayan duk gwajin nan. Ba wurin da ya isa a bar kuɗin gini ya daɗe yana kuɗi. Adashi shi ke tilasta mana tarawa, banki shi ke tsare abin da aka tara na 'yan watanni, amma da ya kai na wani abu, sai mu mai da shi abin. Bandir ɗin kwano da muka saya shekara uku da suka wuce yana nan a jingine, bandir ne har yanzu, bai rame ba. Haka rodi, haka ƙofar ƙarfe. Siminti ne kaɗai ba a ajiyewa, gama in ya sha iskar damina ya kan daskare ya zama dutse. Shi sai an shirya mai buga bulo da yashi da ruwa, a saya yau a buga gobe. Bulo kuwa in an jera shi da kyau ya kan jira mutum.

Ruwan da ya ci Gummi a Agusta 2024 ya ƙara mana karatu. Gidaje da yawa sun zube, mafi yawa na ƙasa, waɗansu ma sababbi. Wanda ya sa ajiyarsa duka a bango, bangon kuwa yana kwari, ya yi hasara kamar mai shanu. Saboda haka kafin ka sayi fegi, tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kan tsaya. Kwasa biyu cur muka zuba a harsashi, muka ɗaga shi sama, har maƙwabta suna cewa ko bene za mu yi. Ba abin da ido ke gani a wurin sai dutse da ƙasa, amma ba kuɗin da muka kashe da ya fi wannan kwantar mana da rai.

Ga ma'aikata akwai ƙofa biyu da ya kamata su duba. Tun 1992 akwai asusun gidaje na ƙasa, NHF, inda a ke cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi a kai bankin FMBN ɗin nan da muka ambata. Mai zubi yana iya neman rancen gida da ruwa kashi 6, abin da ba za ka samu a wani banki ba. Wuyarta, a kan nemi takardar mallakar fili ta gwamnati, yawancinmu kuwa takardar mai unguwa da shaidu ce gare mu. Duk da haka duba takardar albashinka. In ana cire maka, nemi lambarka ka adana, gama in ba ka ci rance ba, kuɗinka ne, ana mayar maka in ka yi ritaya. Ƙofa ta biyu ita ce ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, wadda a ke cire zubi tun kafin albashi ya iso hannu, a kuma ba mutum rance gwargwadon abin da ya tara. A ganinmu ita ce 'yar'uwar ƙungiyar Ketley ta kusa. Lafiyarta tana ga shugabanninta. In shekara ta zagayo ba a karanta lissafi a gaban kowa ba, fara shirin fita.

Sauran magana ta cikin gida ce. Muna da littafi guda, irin na 'yan makaranta mai layi. Kowane wurin ajiya yana da shafinsa: ranar zubi, nawa aka zuba, wa ya karɓa, yaushe ne kwasa. Daren da albashi ya shigo mu kan zauna mu biyu bayan yara sun yi barci. A fitar da zakka, a fitar da zubi, sa'an nan a dubi abin da ya rage a san yadda za a ci wata da shi. In aka ce sai an ga abin da ya rage a ƙarshen wata za a ajiye, ba abin da zai rage. Kuɗin ƙuli-ƙuli na uwargida ne, shafinsa dabam, maigida ba ya taɓa shi sai da roƙo, in ya ranta kuma a rubuta. Wannan ya kashe gardama da yawa tun ba ta tashi ba.

'Yan'uwa fa? Ba a rufe musu ƙofa, ba a kuma rushe gini dominsu. Mun keɓe wani ɗan abu kowane wata na taimako. In ya ƙare, ya ƙare, muna iya cewa babu ba tare da mun yi ƙarya ba. Wannan ma wani amfanin kwano da bulo ne, gama ba mai zuwa rancen bulo ashirin zai kai matarsa asibiti. In kuwa abin na rai ne, irin wanda kuka sani, aka ɗauke wani aka sa kuɗi a kansa, to, a nan ba a maganar gini. Mun ga gidajen da suka sayar da fegi da kwano da keken ɗinki cikin mako guda, ba kuwa wanda zai ce sun yi kuskure.

Saboda wannan ne mu ke roƙon masu adashi su kama bakinsu. Dā ranar kwasa ranar guɗa ce. Yanzu a namu ba mai sanin wanda ya kwasa sai uwar adashi da mai layi da wanda ke biye, kuɗin kuma ta waya a ke tura shi, ba a ƙulla shi a bakin zane a ratsa kasuwa. Ko yara ba mu gaya musu. Amma abin da a ke ɓoye wa waje, kada a ɓoye wa juna. Mun san gwauruwar da ta yi shekara tana zirga-zirga tsakanin banki da kotu, domin maigidanta bai taɓa gaya mata inda ya ke ajiya ba, sunan da ya rubuta na wanda za a nema in ya mutu kuwa na wansa ne, tun na zamanin samartaka. Rubuta sunan mutum a wannan layi ba shi ne ba shi gādo ba, sai an bi ta kotu duk da haka, amma shi banki zai fara nema. Mu mun je tare mun gyara namu, kowa ya san lambar ɗan'uwansa, littafin kuma babbar 'yarmu ta san akwatin da ya ke.

Bango ya kai lintal yanzu. Kwasar maigida ta malamai za ta faɗo a watan Nuwamba, ta katako ce da ƙusa da ladan kafinta. Ta uwargida sai Fabrairu, an riga an rubuta mata tagogi uku a shafinta, ko da shi ke tana cewa huɗu, domin ɗakin ɗinki yana son haske.